Ruwan Ƙarfe Huɗu

Akwai wani dattijo, tsohon direba, wanda kowa a unguwarsu yake kira Baba Na-Sani. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Mutum ne mai kyauta, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya jarrabce shi da abu guda: ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki, kafin ka kai tsakiya ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani." Likita ya sha wannan, mai gyaran rediyo ya sha, har limamin unguwa bai tsira ba.

Abin da ya ƙara ɓata shi kuwa, sau da yawa ya sani ɗin. Shekara talatin da uku ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani bai taɓa ko goge fentin mota ba. Ranar da ya ajiye aiki suka ba shi agogon hannu mai ruwan azurfa, wanda ba ya cire shi sai zai yi alwala. Ga shi kuma ɗan manoma ne, ya san sama kamar tafin hannunsa. In ya ɗaga kai ya ce yau za a yi ruwa, to mata su kwashe shanya. In ya ce ba za a yi ba, ko hadari ya yi baƙi ƙirin sai ka ga iska ta watsa shi.

Matarsa, wadda 'ya'ya da jikoki suke kira Inna, ta shekara arba'in tana haɗiye rabin maganarta. Ta saba har ta daina jin ciwon abin. Ciwon da take ji shi ne na gwiwa, wanda ya sa ba ta iya doguwar tafiya sai da sanda, hawa matakala kuwa sai an riƙe ta.

Garinsu yana can nesa da teku, tafiyar kwana guda cur a mota. Autansu ne ya sami aiki a wani babban birni mai tashar jiragen ruwa, yana sarrafa injin da ke ɗaga kwantena daga cikin jirgi. Ya matsa sai iyayensa sun zo sun ga inda yake, suka shirya suka je. Gidansa yana hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ta taga kana hango kwantenoni an jera su ja da shuɗi da kore, bayansu kuma wani abu mai ƙyalli wanda ba shi da ƙarshe. Inna ta daɗe a tsaye jikin tagar nan kafin ta yarda cewa ruwa ne.

A bangon falon akwai kalanda mai hoton wata farar hasumiya a kan tsibiri, irin wadda ake kunna wa fitila don jiragen ruwa su ga hanya. Inna ta ce ita dai da za ta ga wannan da idonta, da ta gode Allah.

"Ba nisa, Inna," in ji Auta. "Akwai hanyar mota har can. Ku bari sai Asabar da ba ni da aiki in kai ku. Don hanyar tana da ƙa'ida, akwai maganar ruwa, sai an duba..."

"Na sani," in ji Baba. "Ni za ka koya wa hanya? Lokacin da na fara tuƙi ko uwarka ban aura ba. Ka je aikinka. Ba ana ba da hayar mota a garin nan ba?"

Auta ya dubi agogo ya ga ya makara. Ya ce to, amma don Allah su yi yawonsu a cikin gari kawai, tsibiri a bari sai Asabar. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ofishin hayar motocin ɗan ƙarami ne, a bayan wani gidan mai. Tebur ɗaya, fanka tana juyi a sama, makullai rataye a jikin ƙusoshi kowanne da lambarsa. Mai hayar mutum ne siriri mai tabarau, mai magana a hankali. Ya karɓi lasin ɗin Baba ya duba, ya cike takardu, suka fita ya nuna musu wata ƙaramar mota fara. Ya fara bayanin inda ake buɗe tankin mai, Baba ya ce ya sani. Ya fara bayanin fitilu, Baba ya ce ya sani.

"Ina da ina za a zagaya, Baba?" mai hayar ya tambaya.

"Gari, sannan tsibirin nan mai hasumiya."

Mai hayar ya tsaya cak. Ya koma ofis da sauri ya fito da wata 'yar takarda mai layi-layi cike da lambobi, ya sa biro ya zagaye wuri guda.

"To Baba, ga wannan, kada ta bar hannunka. Yau ƙarfe huɗu ruwa zai zo. Ku tabbata kafin uku da rabi kun..."

"Na sani."

"A'a Baba, abin da nake nufi, ruwan..."

"Yaro, na ce na ji. Ba ni makulli."

Wayar ofis ta hau ƙara a daidai lokacin. Mai hayar ya miƙa makulli, ya ce, "Don Allah dai a karanta takardar," ya juya ciki. Baba ya ɗaga kai ya dubi sama. Tas take, shuɗiya, ko ɗigon girgije babu. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

Yana da wata al'ada tasa ta tsofaffin direbobi, ba ya tayar da motar da bai duba man injinta da kansa ba. Ya buɗe gaban motar, ya zaro ƙarfen gwajin baƙin mai, ya waiga neman tsumma bai gani ba. Sai ya goge shi da takardar da ke hannunsa, ya dunƙule ta ya jefa a kwandon shara.

"Malam," in ji Inna bayan ta zauna ta gyara sandarta, "wane ruwa yake cewa? Ni kamar na ji..."

"Ke ma kin biye masa? Mutanen birni ne, sun saba kallon sama a cikin waya. Wai har da ƙarfe kaza. Yau ko yayyafi aka yi ki canza mini suna."

Inna ta ce, "To, Malam."

A faɗi gaskiya, tuƙi dai Baba ya iya. Birnin nan cunkoso ne da shi na fitar hankali, manyan motoci masu jan kwantena suna fitowa daga tasha kamar ba za su ƙare ba, ga gadoji wata kan wata. Amma ya ratsa su cikin natsuwa, hannu ɗaya a sitiyari, yana yi wa Inna bayanin abubuwan da shi ma yau ya fara ganinsu. Suka bi ta bakin tasha, Inna tana neman injin Auta a cikin injuna fiye da ashirin, duk wanda ta gani ta ɗaga masa hannu. Suka bi ta kasuwar kifi, ƙarni ya sa ta toshe hanci da mayafi tana dariya. Baba ya dube ta ya ji daɗi a ransa, don ya manta rabon da ya ga haƙoranta haka.

Bayan azahar suka fita daga gari. Gine-gine suka ragu, hanya ta bi ta cikin gonaki da ƙananan ƙauyuka, har ta gangaro wani wuri da ƙasa ta ƙare. A bakin gangaren akwai wani babban allo mai jan rubutu. Baba bai rage gudu ba, ya ce allunan nan duk iri ɗaya ne, a yi hankali, a yi hankali.

Daga nan hanyar ta zama siririya, shimfiɗe a kan wani fili na jiƙaƙƙen yashi wanda ido ba ya ganin iyakarsa. Dama da hagu an kafa dogayen sanduna a jere, suna nuna gefen titi. Can gaba, kamar tafiyar kilomita biyar, ga tsibirin da farar hasumiyarsa. Inna ta zuba ido tana kallo. Ta ga jiragen kamun kifi kwance a kan yashi, sun kishingiɗa, an ɗaure su da igiya alhali babu ruwa kusa da su. Ta ga wasu 'yan rumfunan katako a kan dogayen ƙafafu, kowacce da tsaninta. Ta ga sandunan gefen hanya sun yi kore shar da gansakuka, har sama da tsayin mutum.

"Malam, dubi sandunan nan. A jiƙe suke fa har sama. Anya ba..."

"Na sani. Alamar ambaliyar damina ce. Rumfunan kuma na masu gadin jirage ne."

Ya faɗa da ƙarfin gwiwa ƙwarai, kamar da shi aka kafa su.

Tsibirin ya yi wa Inna yadda take so. Ba ta iya hawa hasumiyar ba, amma ta zauna a kan benci a gindinta, iska tana kaɗa mata mayafi, tana kallon jirage suna wucewa can nesa. Akwai wata mata mai rumfar shayi a wurin, ta kawo musu kofi biyu. Motoci sun kai goma sha biyar lokacin da suka iso. Wajen ƙarfe uku sai aka fara tafiya. Ba ɗaya-ɗaya ba, kusan a tare, iyaye suna kiran 'ya'yansu, ana rufe ƙofofi da sauri. Kafin uku da rabi saura motarsu kaɗai.

Inna ta waiga ta dube shi. "Malam, kowa fa ya tafi."

"Su tafi mana. Mu huta da hayaniya. Sai na yi la'asar."

Ya yi alwala, ya yi sallarsa a natse, ya zauna ya yi lazimi. Da ya shafa addu'a, agogonsa ya nuna huɗu da kwata. Ya kama Inna suka nufi mota. Mai shayin tana wanke kofuna, ta ɗago ta gan su, ta saki kofi a cikin roba.

"Baba! Ina za ku? Na ɗauka kwana za ku yi a masaukin nan na baya. Ai lokaci ya wuce, ruwa ya taso!"

Baba ya nuna mata sama da makullin mota. "'Yata, dubi can. Ina hadarin yake?"

"Ai Baba ba ruwan..."

"Ba ruwanki, gaskiyarki. Mun gode da shayi."

Inna ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota. "Malam, ka bari ta ƙarasa mana, ina jin..."

"Shiga mu tafi, Hajiya. Yamma tana yi."

Ya rufe mata ƙofa, ya zagaya ya tayar da mota. Ta madubi ya hango mai shayin ta biyo su da gudu tana ɗaga hannu biyu, zaninta yana harɗe ta. Ya girgiza kai, ya ce mutanen nan akwai son a kwana a masaukinsu.

Kilomita na farko lafiya lau. Titi a bushe, rana tana haskawa. Sai dai Inna ta lura jiragen nan da suka bari a kwance yanzu sun miƙe zaune, suna ɗan rausaya. Ta damƙe sandarta.

Sai ga wani ɗan ruwa ya ratsa titi, siriri, kamar an zubar da bokitin wanki. Baba ya bi ta kansa. Gaba kaɗan ga wani, ya fi na farko faɗi. Ya dubi hagu. Filin yashin nan da suka wuce ɗazu babu shi, ruwa ne shimfiɗe yana ƙyalli, yana tahowa a hankali ba tare da ƙara ba. Ya dubi dama, haka. Ya leƙa ta gilashi ya dubi sama, wadda ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Tas take.

A nan ne tsoro ya fara shigarsa, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san ruwan sama, ya san kogi in ya kawo, ya san yadda ake jin ƙamshin ƙasa kafin a fara. Wannan ruwan ba daga sama yake ba, ba daga tudu yake gangarowa ba. Daga ko'ina yake fitowa, kuma babu wanda zai tambaya.

"Malam, mu koma," in ji Inna.

Ya dubi madubi. Bayansu ma titin ya ɓace, sai sanduna kawai a tsaye cikin ruwa. Hanyar ba ta da faɗin da zai juya ba tare da taya ta faɗa yashi ba. Ya ce a ransa gaba ta fi kusa, ya taka mota. Abin da bai sani ba, tsakiyar hanyar ita ce mafi kwari, kuma can ya nufa.

Ruwa ya kai rabin taya, ya rufe taya. Ya fara jin sitiyari yana yi masa sauƙi a hannu, alamar ƙafafun motar ba sa kama ƙasa sosai. Wata igiyar ruwa ta bugi gefen Inna, motar ta yi gefe kamar an ture ta. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru ya biyo baya, sai ƙarar ruwa yana lasar ƙofofi. Baba ya murɗa makulli. Ba ta tashi ba. Ya sake murɗawa. Sanyi ya taɓa masa ƙafa, ya duba ya ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya riga ya rufe takalman Inna.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Auta ne.

"Baba, kuna ina? Na dawo gida ban gan ku ba."

Inna ce ta ɗaga murya. "Muna hanyar tsibiri! Ruwa ya shigo mota!"

"Innalillahi! Baba, teku ne yake cikowa! Kullum haka yake yi, sau biyu, yana rufe hanyar gaba ɗaya, ya fi tsayin mota! Ku fita yanzu, ku bar motar, ku nemi rumfa mai..."

"Na sani, bari in sake gwada ta, irin wannan injin in aka..."

"Malam!"

Bai taɓa jin wannan muryar a bakin Inna ba. Ta kama hannunsa da ke kan makulli ta matse.

"Ka yi shiru. Ka yi shiru ka ji yaron nan, don girman Allah."

Ya yi shiru. Auta ya faɗa musu cikin kuka: su fita ta taga in ƙofa ta ƙi buɗuwa, su bi sanduna kada su kuskura su sauka daga kan titi, su hau rumfar da ta fi kusa, shi zai kira masu ceto. Daga nan wayar ta yanke.

Ƙofa ta ƙi. Allah ya taimaka gilashin ɓangarensa a sauke yake tun da ya leƙa sama. Ya fita ta nan, ya dira cikin ruwa har cinya, sanyinsa ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Ya jawo Inna ta kan kujerarsa, tana ihu saboda gwiwa, ya fito da ita ta tagar da ƙyar. Sandarta ta suɓuce, suna kallo ruwa ya tafi da ita.

Rumfar tana gabansu, tsakaninsu sanda bakwai. Ya ƙirga su. A busasshiyar ƙasa tafiyar minti biyu ce.

"Hau bayana," ya ce.

Ya goya ta, dattijo mai shekara sittin da takwas, ya fara takawa. Ruwan yana tura shi gefe kamar mutum goma sun jingina da shi. Ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin titi, da tafin ƙafa yake laluben kwalta. Sanda ta ɗaya. Ta biyu. A ta uku ruwa ya kai masa ƙugu. Inna tana salati a kunnensa, hannuwanta sun shaƙe masa wuya. A ta biyar ruwa ya kai ƙirji, numfashinsa ya fara sarƙewa.

Tsakanin ta shida da ta bakwai ƙafarsa ta zame daga gefen kwalta. Suka nutse su biyu. Ya taso yana tari, gishiri ya cika masa baki da ido, bayansa babu nauyi.

"Hajiya! Hajiya!"

Babu ita. Sai mayafinta a saman ruwa yana tafiya. Ya kai hannu ya cafko shi, babu kowa a ciki. Ya nutsa, yana lalube kamar makaho, hannunsa ya taɓa wani abu mai laushi, ya damƙe. Rigarta ce. Ya jawo ta da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ɗaya hannun ya rungume sanda. Ta fito idonta a juye, ruwa yana zuba ta hanci da baki.

Yadda suka kai gindin tsanin nan, har yau Baba ba ya iya faɗa. Matar da ba ta hawa matakala uku sai an riƙe ta, ga tsani mai hawa goma sha biyu. Ya ɗora hannuwanta a kan ƙarfen, ya shiga ƙarƙashinta ya sa kafaɗa, yana tura ta hawa ɗaya-ɗaya, yana roƙonta, yana roƙon Allah, har ta faɗa cikin rumfar. Ya bi ta da rarrafe.

Daga sama ya ga motar. Ruwa ya ɗaga ta, ya juya ta a hankali, fitilunta suka yi walƙiya sau ɗaya. Ba a jima ba sai farin rufinta kawai ake gani, daga baya shi ma ya tafi.

Inna tana kwance a kan katako tana karkarwa, tana tari mai ƙarar gaske. Ya cire rigarsa ya matse ya lulluɓa mata. Ya leƙa ƙasa ya ƙirga hawan tsanin da suka rage a waje: bakwai. Ya jira kaɗan ya sake ƙirgawa: shida. Bai san inda ruwan nan yake tsayawa ba. Bai san ko yana tsayawa ba ma.

A jikin bangon rumfar an manna wani allo mai rubutu. Baba ya durƙusa gabansa ya karanta shi tun daga harafin farko har na ƙarshe, yana bi da yatsa. An rubuta cewa ruwa ba ya kaiwa nan, a zauna a jira. An rubuta yadda za a kwantar da wanda ya shaƙi ruwa, a gefensa, kai ya ɗan karkata. Ya yi duk yadda aka ce. Amma tarin Inna ya fara raguwa, leɓɓanta suka canza launi. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Ya riƙe hannunta yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ta yafe masa.

Rana ta yi ja lokacin da ya ji ƙarar inji. Jirgin ruwan masu ceto ne. Ashe tun kafin Auta ya kira, mai shayin nan ta riga ta kira su, tun lokacin da ta ga motar ta hau hanya. Wani ma'aikaci mai jar riga ya hawo, ya durƙusa kan Inna, yana tambaya da sauri.

"Baba, minti nawa ta yi a cikin ruwa? Tun yaushe ta daina magana?"

Baba ya dubi agogonsa. Ruwa ya cika gilashin, ya tsaya a biyar saura kwata.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Ku faɗa mini abin da zan yi."

Kwana goma sha tara Inna ta yi a asibiti, shida daga ciki ba ta san wanda ke kanta ba. Ruwan gishiri ya shiga huhunta ya yi ɓarna. Baba yana zaune a bencin baranda safe da yamma, duk likitan da ya fito sai ya miƙe ya saurare shi har ya gama. Ran nan sai ga mai hayar motoci ya zo dubiya. Baba ya kasa haɗa ido da shi. Mutumin ya zauna kusa da shi, ya ce kada ya damu da maganar mota yanzu, rai ya fi ta.

"Ni abin da yake damuna, Baba, da na ƙyale wayar nan ta yi ta ƙara. Abin da zan ce maka bai fi numfashi ɗaya ba. Ruwan teku nake nufi, ba na sama ba."

Inna ta rayu, suka koma garinsu. Amma ba ta koma yadda take ba. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta sau biyu. Magana kuwa sai guntu-guntu, ta faɗi kalma biyu ta tsaya ta nemi numfashi, sannan ta ci gaba. Wanda zai ji abin da take so ya faɗa dole ya jira. Baba ne yake jira. Ya daina tuƙi, ya ajiye lasin a cikin akwati tare da mataccen agogon, ya sa kujerarsa kusa da gadonta.

Wata rana da hantsi yana shafa mata magani a gwiwa, ta kira shi.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Ranar nan..." Ta tsaya. Ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ya ajiye kwalbar ya zuba mata ido.

"Tun a wurin... mai haya... jikina ya ba ni... ba ruwan sama... ba ne."

Bakinsa ya motsa, ya danne shi. Ta daɗe tana numfashi kafin ta ƙarasa.

"Sau uku... na buɗe baki."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ma ɗora hannunta a kan nasa. Baba ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan zaninta, yana jira ko akwai sauran magana. Babu. Ta gama, kuma wannan karon ya ji ta har ƙarshe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk yawan abin da ka sani, ka san shi ne a inda ka koye shi. In ka je wurin da ba naka ba, kalmar da ka saba da ita tana iya ɗaukar wata ma'ana, kuma wanda ka raina yana iya riƙe da rabin maganar da ranka ya dogara a kanta. Baba Na-Sani bai rasa masu gaya masa gaskiya ba. Ɗansa ya fara, mai haya ya fara, mai shayi ta fara, matarsa ta fara har sau uku, shi ne ya yanke su duka. Ka bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa ko da kana ganin ka san inda ya dosa, musamman na kusa da kai wanda ya saba yi maka shiru. Sauraro na minti ɗaya ba ya rage wa kowa girma, amma rashinsa yana iya jawo abin da za a yi ta nadama har ƙarshen rayuwa, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne yake ɗaukar mafi nauyin wahalar ba.